Nazarin lamari: bin sawun manhajar tikiti da ke sandarewa a Ngaundere

## Yadda wurin yake

Kamfanin motocin haya ne na arewacin Kamaru, mai babban ofishi a Garwa da rassa biyu, ɗaya a Marwa, ɗaya a Ngaundere. A ɗakin baya na kowane reshe akwai kwamfuta guda mai Debian 12 da furosesa mai kai huɗu, ita ke ɗauke da manhajar sayar da tikiti, tagogin sayarwa kuma duk daga gare ta suke sha. An rubuta manhajar da C++. Duk tikitin da aka yanka sai ta sanar da babbar sabar Garwa, don kada a sayar wa mutum biyu kujera ɗaya. Intanet ɗin rassan na modem ne mai layin waya, wanda idan gari ya yi kyau yakan aika kimanin megabit 2 a sakan.

Ngaundere ce ƙarshen layin dogo ta arewa. Jirgin dare daga Yawunde yana isowa da safe, fasinjojinsa su yi ɗango a tagogin motocin Garwa da Marwa, kowa da kayansa, kowa na son motar farko. A daidai wannan lokacin ne manhajar ke sandarewa. Mai taga ya danna madanni, allo ya tsaya cak, sauran tagogi ukun su ma su tsaya tare da shi, can sai komai ya saki kamar ba a yi ba. Masu tagogin sun auna da agogon waya: wani lokaci sakan 5, wani lokaci 10, mafi muni 20. A Marwa abin yakan faru jefi-jefi, a Garwa kuwa ba a taɓa gani ba.

Kafin a kai ga bin sawu an gwada abubuwan da kowa zai fara gwadawa. An sauya faifan ajiya zuwa SSD. An ƙara fanka a ɗakin, saboda zargin zafin Maris. An karanta kundin da manhajar ke rubutawa, amma shi lokacin fara ciniki da lokacin gamawa kawai yake nunawa, tsakaninsu ba komai. Sandarewar ba ta ragu ba.

## Makon farko na Maris: kafa mai karɓa a Garwa

Ma'aikatan fasaha biyu ne a kamfanin, dukansu a Garwa suke zaune, kuma Ngaundere tafiyar kusan kilomita 280 ce. Suka zaɓi LTTng, kayan bin sawu na Linux da Mathieu Desnoyers ya faro a Montiriyal, wanda Debian 12 ke zuwa da zubinsa na 2.13. Aikinsa shi ne rubuta kowane kiran da manhaja ta yi wa kanel, wato zuciyar Linux mai sarrafa na'ura, tare da lokacinsa daidai, ba tare da ya danne na'ura ba.

Sassa uku ne ke aikin. `lttng-sessiond` yana zaune a na'urar da ake bin sawunta, shi ke riƙe da zaman bin sawu. Ƙarƙashinsa akwai mai kwasa, wanda ke ɗebo bayanai daga rumbun wucin gadi da ke cikin ƙwaƙwalwa. Na uku shi ne `lttng-relayd`, mai karɓa, wanda ke aiki a bayan fage a wata na'ura daban: yana sauraro a kan hanyar sadarwa, abin da ya iso ya rubuta a faifai. Ƙofofin TCP uku yake buɗewa: 5342 ta umarni, 5343 ta bayanai, 5344 ta masu kallo kai tsaye.

Tuntuɓen farko a wajen systemd, mai tayar da manhajojin bayan fage a Linux, aka yi shi. An rubuta fayil ɗin sabis da `lttng-relayd --daemonize`, aka bar nau'in sabis a kan `Type=simple`. Wannan zaɓi yana sa manhajar ta haifi 'ya, uwar ta fita. Shi kuwa systemd uwar yake kallo, yana ganin ta fita sai ya ɗauka sabis ya ƙare, ya kashe abin da ya rage. Sakamakon shi ne mai karɓa ya tashi ya mutu cikin ƙiftawar ido, babu wani saƙon kuskure. Gyaran shi ne a cire zaɓin, a bar systemd da kansa ya riƙe shi a bayan fage:

```
[Service]
User=sawu
ExecStart=/usr/bin/lttng-relayd --output=/srv/sawu \
  --control-port=tcp://10.8.0.1:5342 \
  --data-port=tcp://10.8.0.1:5343
Restart=on-failure
```

Adireshin da aka rubuta yana da dalili. Idan ba a faɗa masa ba, mai karɓa yana buɗe ƙofofin 5342 da 5343 ga kowace hanya da ke jikin na'urar, ba ya tambayar kowa shaida, ba ya kuma ɓoye abin da ke wucewa. Bayanan sawu kuwa suna ɗauke da sunayen fayiloli da adiresoshin cikin gida. Don haka aka haƙa ramin WireGuard, wato ɓoyayyiyar hanya a cikin intanet, tsakanin Garwa da kowane reshe, aka ɗaure mai karɓa a adireshin cikin ramin kaɗai.

## Mako na biyu: an kunna komai

Ranar Litinin da asuba aka buɗe zama a Ngaundere da `lttng create --set-url=net://10.8.0.1`, aka kunna duk abubuwan kanel da `enable-event --kernel --all`. Tunanin shi ne tunda ba a san inda ciwon yake ba, gara a kwashe komai.

Lokacin cunkoso na'urar tana fitar da kimanin megabayit 3 a sakan, wato megabit 24, hanyar kuwa 2 take ɗauka. Rumbun kanel a saitin asali kaso huɗu ne, kowanne mebibayit 1, ga kowane kan furosesa. Kai huɗu ke nan mebibayit 16, wanda a wannan gudu yake cika cikin sakan shida ko ƙasa da haka. Idan rumbu ya cika LTTng ba ya tsayar da manhaja don jiran hanya. Sababbin abubuwan yake zubarwa, ya ƙirga adadinsu. Abin da ya isa Garwa sai ya zama kamar tabarmar da gara ta ci: sakan ɗaya na bayani, dogon giɓi, wani sakan ɗin. `babeltrace2`, manhajar karanta sawu, ya cika allo da gargaɗin abubuwan da aka zubar, kuma ba a sami sandarewa ko ɗaya da aka kama daga farko har ƙarshe ba.

Akwai abin da ya fi wannan ciwo. A wannan safiya tagogin sun sandare fiye da kowace rana, har shugaban reshe ya kira Garwa yana neman a kashe ko mene ne aka kunna. Da aka ba da `lttng stop` umarnin ya tsaya yana jera ɗigo-ɗigo a allo, domin yana jiran ragowar bayanai su gama isa wajen mai karɓa. An rubuta ƙaruwar sandarewar a littafin aiki, amma a lokacin an ɗora ta a kan nauyin bin sawu a furosesa.

## Mako na uku: an rage, hanya ta yanke

Aka taƙaita abin da ake kamawa zuwa kiraye-kiraye takwas da suka shafi sadarwa, jira da rubutu a faifai. Aka kuma taƙaita shi ga manhajar tikiti kaɗai. Da farko lambar PID aka bi, wato lambar da Linux ke ba manhaja mai gudana, amma ita tana sauyawa duk lokacin da manhaja ta sake tashi, sai aka koma bin sunan mai amfani da manhajar ke gudana a ƙarƙashinsa, da `lttng track --kernel --uid=tikiti`, wanda ba ya sauyawa. Gudun ya sauko zuwa kimanin kilobayit 150 a sakan, megabit 1.2 ke nan. A takarda hanyar za ta ɗauka.

Da rana tsaka ta ɗauka. Da safe kuwa, lokacin da ake buƙatarta, sai modem ya yi sanyi, wani lokaci haɗin ya yanke ɗungurungum. A nan aka ga halin mai karɓa da ba a lura da shi ba tun farko: idan igiyar TCP ta tsinke, zaman ba ya sake ƙullawa da kansa. Hanya ta dawo, ramin WireGuard ya dawo, `lttng list` yana nuna zama a kunne, amma ko bayit ɗaya ba ya ƙara zuwa Garwa sai an rushe zaman an gina sabo. Kwana biyu cur aka yi ana zaton ana tara bayanai, babu abin da ake tarawa. A ɓangaren Garwa kuma mai karɓa ya ci gaba da riƙe haɗin da ya mutu, har sai da aka sa masa `LTTNG_RELAYD_TCP_KEEP_ALIVE=1` don ya riƙa taɓa igiyoyin da suka yi shiru, ya saki matattu.

Wuta ta kawo nata. Kaso mai yawa na wutar arewacin Kamaru daga madatsar Lagdo yake fitowa, a kan kogin Binuwai, kuma a ƙarshen rani ruwa kan ja baya, a shiga rabon wuta. Kafin janareta ya kama, kwamfutar reshe ta riga ta mutu. Batirin agogonta, ɗan ƙaramin CR2032 ɗin nan, ya ƙare, sai ta farka da kwanan watan da ba shi ba. LTTng yana ƙirga lokaci da agogon da ba ya komawa baya, yana kuma rubuta tazarar da ke tsakaninsa da agogon duniya tun a farkon aiki. Idan agogon duniyar karkatacce ne a lokacin, duk sawun zai fito da lokacin ƙarya ko da chrony, mai daidaita agogo ta intanet, ya gyara agogon daga baya, kuma ba za a iya jera shi da kundin sabar Garwa ba. An sauya batirin, aka kuma sa `chronyc waitsync 30` a gaban komai cikin rubutun da ke tayar da bin sawun.

Ƙaramar matsala ta ƙarshe: kwamfutocin Marwa da Ngaundere daga kwafi ɗaya aka zuba su, sunansu ɗaya. Mai karɓa da sunan na'ura yake ware manyan jakunkuna, sai sawun rassan biyu suka taru a jaka guda. Sauya suna ya raba su.

## Farkon Afrilu: mai karɓa ya koma reshe

Aka sauya tsarin ta hanyoyi biyu.

Na farko, aka kai mai karɓa Ngaundere. Wata tsohuwar kwamfutar cinya aka sa, saboda batirinta na riƙe ta idan wuta ta ɗauke, aka haɗa ta da kwamfutar reshe da kebul a kan hanyar cikin gida mai megabit 100. An ƙi rubuta sawun a faifan kwamfutar reshen kanta don dalili biyu: faifan yana cikin waɗanda ake zargi, bai kamata a ƙara masa rubutu ana cikin auna shi ba, sannan kwamfutar tana mutuwa da wuta.

Na biyu, aka daina kwararo bayanai dare da rana, aka koma yanayin ɗaukar hoto. A wannan yanayi rumbu zagayawa yake yi, sabon bayani yana hawa kan mafi tsufa, ba abin da ke fita daga ƙwaƙwalwa sai an ce a ɗauka. A lokacin ne kawai ake ƙulla haɗi da mai karɓa, don haka babu doguwar igiyar da za ta tsinke a ɓoye.

```
lttng create hoto --snapshot --set-url=net://192.168.10.5
lttng enable-channel --kernel --subbuf-size=2M --num-subbuf=8 kira
lttng enable-event --kernel --channel=kira --syscall \
  connect,sendto,sendmmsg,recvfrom,poll,futex,fsync,fdatasync
lttng add-context --kernel --channel=kira --type=tid
lttng track --kernel --uid=tikiti
lttng start
```

Girman rumbun lissafi ne ya ba da shi. Manhaja ba ta sanin ta sandare sai bayan ta saki, saboda haka dole rumbu ya riƙe fiye da sakan 20 na baya, da rara. Kaso takwas na mebibayit 2 sun ba da 16 ga kowane kai. Ko da duk aikin ya taru a kai ɗaya, a gudun kilobayit 150 wannan ya haura minti ɗaya da rabi. An fi son kaso takwas matsakaita a kan manya biyu, domin idan rumbu ya zagayo kaso guda cur yake sharewa, kuma asarar ɗaya cikin takwas ta fi sauƙi a kan asarar rabi. Hoto mafi girma mebibayit 64 ne: sakan shida a kebul, amma da ta modem za a tura shi sai ya ci minti huɗu da rabi yana toshe hanya.

Saura mai danna hoton. An ƙara layi ɗaya a manhajar: idan ciniki ya wuce sakan 4, ta kira `lttng_ust_tracef()`. Zubin 2.13, wanda ya fito a 2021, yana da tarko da ke jiran irin wannan alama:

```
lttng add-trigger --condition=event-rule-matches --type=user \
  --name='lttng_ust_tracef:*' --action=snapshot-session hoto
```

Ranar farko kowace sandarewa ta haifi hotuna huɗu, tunda tagogi huɗun tare suke sakewa, kowacce ta yi kira. Aka gyara manhajar ta yi kira sau ɗaya a minti. Zaman da tarkon duk rubutu guda ke gina su a kowane tashin na'ura. Ƙarfe ɗaya na dare kuma kwamfutar cinyar ta matse hotunan ranar da zstd, ta tura su Garwa da `rsync --partial --bwlimit=100`, wanda idan hanya ta yanke yakan ɗora daga inda ya tsaya. Mai karɓa ba ya share komai da kansa, don haka aka sa aikin dare da ke goge abin da ya wuce kwana 14.

## Abin da hoton ya nuna

A safiya ta biyu aka sami sandarewa ta sakan 20 cikakkiya, babu giɓi. Da aka tace ta da lambar zare, wato layin aikin da ke kula da kowace taga a cikin manhajar, labarin gajere ne.

Zare ɗaya ya kira `connect` zuwa ƙofa ta 53, ya kira `sendmmsg`, sannan ya shiga `poll` da wa'adin 5000, wato sakan biyar. Wa'adin ya ƙare ba amsa. Ya sake yin haka zuwa wani adireshi, sakan biyar kuma. Ya dawo na farko, ya koma na biyu. Sau huɗu, sakan ashirin. Duk tsawon wannan lokaci sauran zaruruwa uku suna kwance a cikin `futex`, kiran jiran makulli, a adireshin ƙwaƙwalwa ɗaya. `fsync` kuwa, kiran tabbatar da rubutu a faifai, wanda aka sayi SSD dominsa, bai taɓa wuce 'yan milisakan ba.

Ƙofa ta 53 ta DNS ce, mai mayar da suna adireshi. Manhajar tana tambayar adireshin sabar Garwa da `getaddrinfo` a kan kowane tikiti, kuma glibc, laburaren da ke yi mata tambayar, ba ya ajiye amsar baya, kullum sai ya sake tambaya. A `resolv.conf` akwai sabar suna biyu, dukansu ta modem ake isa gare su. Saitin asali na glibc shi ne jiran sakan 5 ga kowace, zagaye biyu. Daga nan 5 da 10 da 20 ɗin masu taga suka fito: ya danganta da tambaya ta nawa ce ta sami amsa. Tambayar ta UDP take tafiya, idan ƙunshi ya ɓace a hanya babu mai sake aika shi sai wa'adi ya cika. Sannan mai rubuta manhajar ya sa wannan tambaya a cikin makullin da ke kare jerin kujeru, shi ya sa taga ɗaya ta tsaya sauran su tsaya.

Da aka jera lokutan hotunan da awon hanyar, sandarewar tana bin sanyin modem sau da ƙafa, shi kuma yana yin sanyi idan jama'ar jirgi suka cika unguwar tasha kowa da waya a kunne. Sabar Garwa tana cikin ofishi ɗaya da tagoginta, kuma an rubuta sunanta a `/etc/hosts` na can, fayil ɗin da ake dubawa kafin a tambayi DNS, tun ranar kafawa, shi ya sa ba su taɓa gani ba.

## Tsakiyar Afrilu: gyara

Gyaran gaggawa layi ɗaya ne a `/etc/hosts` na kowane reshe, da ke haɗa sunan sabar da adireshinta na cikin ramin WireGuard. Tambayar DNS ta fita daga hanyar ciniki. Bayan mako ɗaya aka fitar da sabon zubin manhajar: tana riƙe haɗi ɗaya buɗe da Garwa, ba ta yin maganar waje alhali makulli na hannunta.

An bar tarkon a kunne makonni uku. Sandarewar tagogi gaba ɗaya ba ta sake aukuwa ba. Tarkon ya kama 'yan jinkiri na taga ɗaya-ɗaya, a ranakun da hanya ta yanke baki ɗaya, kuma sauran tagogin sun ci gaba da aiki a lokacin. Marwa ta sami tsari iri ɗaya da wata tsohuwar kwamfutar.

## Hukunci

Mai karɓa bai gaza ko sau ɗaya ba a wannan lamari. Abin da ya iso gare shi ya rubuta. Kuskuren yana wajen da aka ajiye shi. An gina shi ne don hanya mai faɗi da ba ta yankewa: ba ya tara wa mai aikawa bashi, ba ya sake ƙulla zama, ba ya rage gudu don wani ya wuce. Ajiye shi a ƙarshen layin waya mai tafiyar kilomita 280 ya sa duk raunin hanyar ya zama raunin bin sawun. Aikin tsallaka mummunar hanya na rsync ne, da dare, bayan bayanai sun kwanta a faifai.

Makonni biyu na kwarara sun fi ɓata lokaci illa. Hanyar da ake cusa wa sawu ita ce hanyar da tambayar DNS ke bi, don haka awon da kansa yana ƙara cutar da ake aunawa. Tsananin da aka gani ranar Litinin ɗin nan shaida ce da ke nuna hanya, aka karanta ta a matsayin nauyin furosesa. Haka nan alƙaluman masu taga: jinkirin da kullum ke faɗawa a kan 5, 10, 20 wa'adi ne ke ƙarewa, faifai mai ciwo ko na'ura mai zafi ba sa jinkiri da irin wannan tsari. Da an ɗauki awonsu da muhimmanci, da jerin kiran da za a kama ya taƙaita tun makon farko.

Yanayin ɗaukar hoto ya yi aiki saboda matsalar gajeriya ce, tana da alamar da manhaja ke iya ganewa, kuma an san iyakar tsawonta, har aka iya lissafa girman rumbu. Yana da iyakarsa: abin da ke rumbu a ƙwaƙwalwa yake, idan kwamfutar reshe ta mutu da wuta kafin tarko ya kama, ya tafi ke nan. Matsalar da ke kashe na'ura ɗungurungum tana buƙatar kwarara ta ci gaba, kuma kwamfutar cinyar da ke kan kebul a Ngaundere za ta iya karɓar ta, muddin an kunna `lttng enable-rotation` da aikin share tsofaffin gutsattsari, don kada faifanta ya cika.